Matar da Ta Je Faɗin Guba

Da rini na riƙe gidanmu a shekarun da kasuwar uraniyom ta karye. Kafin nan ni matar ma'aikaci ce a cikin site, unguwar da kamfani ya gina wa mutanensa a Arlit, inda ruwa ke zuwa har tsakar gida, kuran, wato wutar lantarki, kuma ba ya ɗaukewa. Maigidana yana aiki a sashen da ake niƙa dutse a jiƙa shi da asid. Da aka tashi rage ma'aikata sunansa ya fito, aka karɓi makullin gida, muka kwashi komatsanmu zuwa bukkokin bayan gari, inda waɗanda fari ya kashe wa dabbobi suka riga mu kafa rumfuna. Abin da ya fito da shi daga kamfani hular kwano ce, da safar hannu ta roba, da wani tari da ba ya jin magani. Ɗiyarmu guda muka aika Damagaram wurin mahaifiyata, don a lokacin tawaye ya fara taɓa hanya, mota ba ta fita sai cikin ayari da rakiyar soja.

Ni ƴar Damagaram ce, kuma a gidan marina na tashi, don haka ban tsaya kuka ba. Na samo tano, gangar ƙarfen nan ta mai, aka yanka mini shi biyu, na sayi galura, da soda wadda direbobin Assamakka ke shigowa da ita daga bakin iyaka, da farin garin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke sa launi ya kama. Matan Abzinawa su ne masu kawo mini aiki. Fari ya raba su da raƙuma da awaki, amma bai raba su da son baƙin mayafi ba. Sabon mayafi ya fi ƙarfinsu, sai su kawo tsohon da rana ta cinye in mayar musu da shi baƙi wuluk. Da wannan muke ci, da shi muke sayen ƙwayoyin tari.

Maigida mutum ne da dokar kamfani ta shiga jininsa. Sun sallame shi, amma shi bai sallame su daga kansa ba. Ba ya bari in taɓa soda sai na sa safar nan tasa da ta yi mini yawa, gwangwanin kuma sai an rataye shi can sama inda ko kaza ba ta kaiwa. In na zubar da ruwan rini bayan danga, kamar yadda kowane mai sana'a ke yi a bukkoki, zai yini yana mita daga kan tabarma. Nakan ce masa shugaban sashe ya tashi aiki, a bar mu mu sha iska, sai ya yi dariya har tarin ya kama shi. Ina da baki, ban taɓa musu ba, shi kuwa Allah ya ba shi haƙurin zama da mai baki.

Abin ya faro ne daga awaki. Wani makiyayi da fari ya bar wa ƴan awaki kaɗan ya kora su ta bayan layin masu gyaran batir, suka sha wani ruwa da ya kwanta a wurin, kafin la'asar duk sun mimmiƙe. Mutumin ya je lameri, wato ma'aikatar magajin gari, ya zauna a ƙofa ya ƙi tashi. Daga nan aka fito da doka: duk mai sana'ar da ke aiki da sinadari mai haɗari ya zo ya bayyana abin da yake ajiyewa, da inda yake ajiye shi, da inda yake zubar da ruwansa. Aka ce waɗanda suka bayyana za a haƙa musu ramin zuba ruwa. Doka ce mai kyau, har yau ban ga aibinta ba. Da Faransanci aka rubuta ta aka manna a bango, kuma a Faransancin ba ta zagi kowa ba.

Mai shelar lameri wani dattijo ne Ba'abzine, ɗan aiken biro, wato ofis, mai Hausar kasuwa, wanda mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Shi aka ɗora a bayan mota da lasifika. Ban san wanda ya zaɓa masa kalmar ba, ko shi ya zaɓa da kansa, amma abin da ya zagaya gari yana faɗa shi ne:

"Jama'a, magajin gari yana gaishe ku. Ya ce duk wanda yana da guba a gidan shi ko wurin aikin shi, shi zo lameri shi faɗa. Wanda ya ɓoye, a kama shi."

Gari ya kwashe da dariya. A bakinmu guba ba kayan aiki ba ce. Guba ita ce abin da mutum ke barbaɗa wa ɗan'uwansa a abinci. Mai batir ruwan batir gare shi, majemi yana da nasa haɗin, mai kanti maganin ƙwari yake sayarwa. Wa zai wanke ƙafa ya je gaban hukuma ya ce shi mai guba ne? Matan da ke kawo mini rini sun ce da dattijon ya juya shelar zuwa Tamajak, harshensu, wata kalma ya yi amfani da ita, mai nufin abin da ke ƙona fata, shi ya sa su ba su ga abin dariya ba.

Na yi lekol har ajin ƙarshe na firamare, don haka maigida ya tura ni in karanto takardar bangon. Na dawo na faɗa masa abin da ke ciki. Ya ce to soda suke nufi, da garin nan mai wari, in shirya in je. Na ce duk masu sana'ar garin nan ba wanda ya motsa, ni ce uwar iyayi? Ya ce yau ne ba su motsa ba, gobe layi za a yi, gara in riga su. Ya ce a sashensu ko cokali ɗaya na sinadari ba ya shiga ba a rubuta ba, kuma abin da aka rubuta shi ake iya tsarewa. Ni kuma ramin nan ya shiga raina, don ƴaƴan maƙwabta a bayan dangarmu suke wasa babu takalmi. Na yafa mayafi na tafi da ƙafata, ba wanda ya ja ni.

Farfajiyar lameri cike take ranar, ga masu neman takardar haihuwa, ga masu jiran rabon hatsin agaji, ga masu son a sa sunansu cikin ayarin da zai fita. Magatakardan da na samu ya yi murna kamar na kawo masa goron sallah, don tun da aka yi shela ni ce ta farko da ta leƙo. Ya tambaya, na amsa, ya rubuta. Da ya gama na ce masa, to kamfani fa, mai tankokin asid da tsaunin tataccen dutsen nan da ke bayan gari, shi ma nan yake zuwa? Ya murmusa ya ce na kamfani ya fi ƙarfin teburinsa, wannan a Yamai ake yinsa. Ya ce in jira a waje a buga hatimi.

Ina zaune cikin mata sai dattijon nan mai shela ya fito da takarda a hannu, ya ɗaga murya yadda ya saba:

"Ina matar da ya zo faɗin guba?"

Ba da mugunta ya yi ba, na san wannan. Ba yadda zan yi, na miƙe na karɓa. Matar da ke kusa da ni ta mayar da ɗanta ɗaya cinyar. Kafin in kai gida labarin ya riga ni. A hanya labarin ya yar da maganar soda, ya yar da ta rini, abin da ya isa bukkoki shi ne matar mai tarin nan ta je gaban hukuma ta amsa cewa tana da guba.

Bayan ƴan kwanaki ma'aikatan lameri suka zo da jan fenti, don doka ta ce duk wurin da aka bayyana a sa masa alama. Ƙofarmu ta buɗaɗɗen tano ce, a kanta suka zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Maigida ya dafa bango ya fito ya duba, har da gyara musu, wai a kamfani ƙasusuwan a ƙasa suke, ba a bayan kai ba. Shi a idonsa gidanmu ya zama wurin aiki na ƙa'ida. Rami kuwa ba a haƙa ba. Tawaye ya yi zafi, aka hana fita, hankalin lameri ya koma wani wuri. Ba wanda ya ƙara zuwa bayyanawa, ba wanda aka kama. Rana ta cinye takardar bangon, aka manta da dokar, alamar ta zauna a ƙofarmu mu kaɗai.

Sannu a hankali unguwa ta janye. Yaran da ake aikowa ɗiban wuta suka daina zuwa. Da azumi na aika wa maƙwabta kunu kamar yadda muka saba, aka dawo mini da kwanoni a wanke tas, washegari na ga kunun a bola. A bakin pompo wata da muka zauna gida da gida a site, wadda ni na yi wa wankan jego, ta ɗauke bokitinta daga kusa da nawa. Ranar na buɗe baki. Na ce soda ce, sodar da ake yin sabulun da kowacce ke wanka da shi. Na ce in da ina da guba da masu bakin tsiya zan fara, ba da mijina ba. Wannan maganar ma aka ɗauka aka ɗora kan ta farko. Wata tsohuwa ta ce da ni cikin sanyin murya, ba mu muka faɗa ba, ƴar nan, ke kika kai kanki. Matan Abzinawa ne kaɗai suka ci gaba da shigowa, su miƙa mayafi, su sha ruwan randata.

Ba ni kaɗai ke da miji mai tari a bukkoki ba. Lungu-lungu akwai mazan da suka fito daga ramin haƙar dutse ko daga wurin niƙa suna ramewa, likita ya ce musu ciwon ƙirji ne, ya tambaye su ko suna shan taba. Nawa bai taɓa sa ta a baki ba. Amma kowane gida yana jiran ranar da kasuwa za ta tashi kamfani ya sake kira, ba mai son ya ɗaga ido ya kalli wancan tsaunin na kamfani. Ƙofata ta fi kusa, kuma ga zane a kanta. Na ji haushinsu iya jin haushi, har yau in na tuna raina yakan ɓaci, amma na gane abin da ya sa.

Na koma lameri na ce a zo a cire. Magatakarda ya duba takardunsa ya ce an rubuta yadda ake sa alama, ba a rubuta yadda ake cire ta ba, sai dai in na bar sana'ar. In na bar sana'ar me za mu ci? Dattijon mai shela ya biyo ni har bakin titi yana ba ni haƙuri. Ya ce in ina so gobe zai hau mota ya zagaya gari ya ce matar nan ba shi da guba. Na ce ya rufa mini asiri, shelar da ya yi ma ta isa.

Na dawo na ɗauko toka da tsumma zan goge da kaina, maigida ya hana. Ya ce in na goge za a ce na ɓoye, kuma hukuma ce ta sa, hukuma ce za ta cire. Sannan ya ce daga yau a ƙofar gida zai riƙa cin abinci.

Haka aka yi. Kullum bayan la'asar in shimfiɗa masa tabarma a waje, daidai ƙarƙashin zanen, in kawo tuwo mai laushi da miya ruwa-ruwa, in zauna gefe. Duk wanda ya gifta sai ya ɗaga kai ya ce masa bismillah. Mutanen da suka yi shekaru suna sa hannu a kwano ɗaya da shi a wurin aiki sai su dafa ƙirji su ce alhamdulillahi, su ƙara sauri. Haɗiya tana yi masa wuya a lokacin, kowace loma sai ya huta, amma yakan cinye ya suɗe kwanon don a gani. Shi nufinsa su ga yana ci bai mutu ba. Su kuwa abin da suka gani shi ne yana ci yana ƙarewa. Na roƙe shi ya koma ciki, ya ƙi.

Direbobi suka kai labarin har Tawa, garin su maigida. Cikin wani ayari sai ga yayansa, ɗan kasuwa, mutumin da tun aurenmu yake ganin ƙanensa ya tsallake ƴan matan gida ya ɗauko bare. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙofar kafin ya yi sallama. Na kawo ruwa, ya ce yana da nasa a gora. Na yanka kazar da ta rage mana na yi girkin baƙo, ya ce ya ci a tasha. Bayan sun gaisa da ƙanensa ya ce a kira ni.

"Inna ta ce in taho da shi," in ji shi. "Ta ce ko mi za ya same shi, shi same shi gabanta."

"Yaya, ai jinya ake yi. Wa zai kula da shi a can kamar yadda nake yi?"

"Kulawar taki ce munka ji labarinta."

Kafin in buɗe baki maigida ya dube ni. Shi ya karɓi maganar, yana yi yana tsayawa neman numfashi. Ya yi bayanin soda, da awakin makiyayi, da dokar lameri. Ya faɗi kalmar Faransancin ya fassara ta, ya ce shi da kansa ya tura ni. Yayan ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Nasara na da kalma tai, mu muna da tamu. Ni ban ce ta yi ba. Amma ita tat tahi ta hwaɗi da bakinta, hukuma kuma ta zana. Mi kaka so in ce ma Inna?"

Maigida zai iya ja da yayansa, amma ba zai iya ja da kiran mahaifiya ba, ni ma ban nemi ya ja ba. Abin da na nema ɗaya ne, a tafi da ni. Na durƙusa, ni da ban saba durƙusa wa kowa ba, na ce ko a bayan kamiyo, motar kaya, kan buhuna zan zauna, in ba za a bar ni in dafa ba a bar ni in riƙa wanke masa tufafi. Yayan ya ce Inna ba ta son ganina yanzu, in ya ji sauƙi za a aiko. Maigida ya ce in zauna in riƙe rini, kada masu kawo aiki su watse kafin ya dawo. Yana faɗa yana kallon ƙasa, don ni da shi duk mun san babu wata dawowa.

Na yi masa guzurin abin da maƙogwaronsa ke karɓa. Tukuɗi na daka, gero da dabino da ɗan cukun da wata mai kawo mini rini ta ba ni, abin da a shekarar nan ko da kuɗinka ba ka samu. Damawa kawai za a yi da ruwa ya sha. Na zuba a ƙwarya na ƙulle cikin zanen da na rina. A tasha, da hantsi, sojoji suna jera motoci, aka ɗora shi a gaban kamiyon wani direba maƙwabcinmu, tsakanin direban da yayansa. Na miƙa masa ƙullin ta taga, ya ɗora a cinya ya riƙe da hannu biyu. Mutane suna kallo, don haka ba mu ce komai ba sai Allah ya kiyaye hanya. Na tsaya har motar ƙarshe ta shige.

Direban nan ne ya kawo mini labarin rasuwar maigida da ayarin ya juyo. Ya ce sun isa Tawa da ransa, ya yi ƴan kwanaki gaban mahaifiyarsa ya cika, an rufe shi a can. Ya yi mini gaisuwa daga bakin ƙofa zai juya, na tsayar da shi na tambaye shi ko tukuɗin ya ishi maigida hanya. Ya fara kame-kame. Na ce ya dubi Allah ya faɗa mini.

Ya ce suna wuce shingen soja na ƙarshe gyangyaɗi ya ɗauki maigida, yayan ya zare ƙullin daga cinyarsa ya cilla ta taga. A cikin ayari kuwa ba a tsayawa. Da ya farka ya laluba bai ji ba, ya dubi yayansa, bai yi faɗa ba. A Agadas, inda suka jira rakiya, an sayo masa fura, an dafa shayi, an jiƙa burodi, duk ya kawar da kai. Yayan ya yi lallashi, ya yi tsawa, har hawaye ya yi.

"Shi me ya ce?" na tambaya.

"Ya ce tun da ya yi aure hannu ɗaya ke ba shi abinci, ba zai sake hannu a hanya ba a ce ya yarda da maganar." Direban ya goge fuska da bakin rawani. "Ruwa kawai ya sha, uwargida, har Tawa."

"A gidan fa? Ya ci na Inna?"

Ya ce shi a tasha ya sauke su, bai sani ba.

Ban taɓa samun wanda ya sani ba. Dangin nasa ba su aiko ba, ni kuma ba a bar mini ƙofar tambaya ba. Na yi takaba a ɗakin nan, na gama, na koma Damagaram wurin ɗiyata. Mutane in na ba su labarin sukan ce in gode Allah, miji ya wanke ni wankin da ba wanda ya isa ya yi. Ni ban ji daɗin wankin ba, yunwarsa nake ji. Mutumin da ƙashi da fata kawai suka rage masa, cikin zafin gaban kamiyo, a wannan doguwar hanya, ciki babu komai, saboda sunana. Da an tambaye ni da na ce ya sha furar, ya ci burodin, ya bar su su faɗi abin da suka ga dama a kaina har in mutu. Na yi masa addu'o'in da ake yi wa mamaci, ina kan yi. Akwai wata kuma da nake ƙarawa, ko da yake na san abin ya riga ya wuce: Allah ya sa da ya isa gaban mahaifiyarsa ya karɓi abin da ta dama masa ya sha.